Kwanan dutse don hutu: me zai hana mu yi irinsa a Kwatarkwashi?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hotunan da na saka jiya, na wurin da muka je hutu muka kwana a tanti, sun jawo tambayoyi da yawa ta bayan fage, shi ya sa na ga gara in yi bayani a nan kowa ya gani, don akwai maganar da ke ci mini rai.

Wurin yana cikin duwatsun yammacin jihar North Carolina a Amurka, gab da gandun dajin gwamnati da ake kira Great Smoky Mountains. Sansanin kwana ne na wasu iyali, ba otal ba. Babu bene, babu talabijin, sabis na waya ma sai ka hau tudu. An dai share ƙananan filaye a ƙarƙashin itatuwa, kowanne da lambarsa, da teburin katako, da zoben ƙarfe da ake hura wuta a ciki. Ka biya, a nuna maka filinka, ka kafa tanti. Bandaki da wurin wanka da famfo suna can gefe, na kowa da kowa. Ɗaya ɓangaren na masu motar gida ne, doguwar motar nan mai gado da kicin da bandaki a cikinta. Su an kafa musu turke a kowane fili, mai soket na wutar lantarki, da bakin famfo da za su jona tiyo, da bututun da ke kwashe ƙazanta.

Jarin wurin nan gaba ɗaya dutse ne da itace da rafi. Amma sai ka kama wuri tun da watanni, in ba haka ba ka rasa. Gandun da ke kusa da shi an kafa shi a 1934, kuma mutum sama da miliyan 12 suka shige shi a 2024. To mu da Allah ya ba Dutsen Kwatarkwashi a bakin titi, tafiyar 'yan mintuna daga Gusau, me zai hana a yi irin wannan a gindinsa?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, hotuna sun yi kyau, Allah ya ƙara lafiya. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da babu daɗi. Abin da kake biyan kuɗi ka yi a can, a nan dole ce ke sa mutane yinsa. Akwai yarinya a ajina da kullum sai ta kifa kai a benci da safe. Da na bi diddigi, ashe daga ƙauye suka yi gudun hijira. Kafin su taso Gusau, da la'asar sakaliya suke barin gida su shige gonar dawa su kwana, uwar tana toshe bakin jaririnta da gefen zane don kada kukansa ya tona su. Har yau yarinyar nan ba ta runtsawa sai gari ya waye. Wa zai iya duban wannan uwa ya ce ta zo hutu a gindin dutse?

Abban Hanifa:
Yaya, wallahi ban manta ba. Mahaifiyata tana Gusau, kuma duk daren da na kira waya ba ta shiga ba, ba na iya barci. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 ni na san halin da na shiga. Ban ce a kafa tanti gobe ba. Tsorona shi ne yaran da ke tasowa yanzu ba su san daji da komai ba sai maɓoyar ɓarayi. Yaro ɗan shekara goma a Gusau bai taɓa cin ɗinya a gindin uwarta ba, bai san kanya daga kaɗanya ba. In muka daina ko da maganar, ranar da zaman lafiya ya dawo babu wanda zai tuna akwai abin komawa.

Ɗan Kwatarkwashi:
Tunda garinmu aka ambata bari in sa baki. Yaya Abban Hanifa, dutsen nan ya fi yadda kake hango shi daga mota. Muna yara da hantsi muke hawa, don in rana ta take, dutsen na ɗaukar zafin da silifas ɗinka zai yi laushi a ƙafa. Bayan an yi ruwa kuwa za ka tarar da ruwa kwance a kwarmin dutse, garau, kana ganin ƙasansa. In ka kai sama ka juyo, gonaki ne shimfiɗe iya ganinka, motocin da ke kan titin Funtuwa kuma ƙanana ƙanana. Kakanninmu a kansa suka yi zama, har yanzu dattawa na nuna inda kufai yake. Kuma kowa ya san garin da bikin kamun maiki da ake yi a da.

Sai dai maganar Anti Maman Sadiq tana kan hanya. Titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ba titin da ake bi bayan magariba ba ne. Sabon Gida da aka shiga aka kwashi ɗaliban jami'ar tarayya a Satumbar 2023 ba ta da nisa da mu. Da rana, da rakiyar 'yan gari, zan iya cewa a zo. Kwana kam a'a. Ni da aka haifa a nan ba zan kwana a waje ba.

Kawu Direba:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana Abban Hanifa, maganar motar gida ka ajiye ta gefe. Ni sitiyari ne abincina. Mota mai wannan tsawo da nauyi, ga tankin ruwa a cikinta, ga na ƙazanta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa zai ɗauki shanta? In ta lalace tsakanin Jega da Koko wane bakanike ne ya san cikinta? Ko hawan dutse ba ƙaramin abu ba ne ga babbar mota. Duk wanda ya hau Mambila daga Mayo Selbe ya san abin da nake faɗa: kwana bayan kwana, rami a gefe, hazo ya rufe gaba. Hawan ma da sauƙi, gangarowar ce ke kashe mutane. Wanda ya dogara da birki shi kaɗai, birkin zai yi zafi ya sake shi. Sai ka saka ta a giya ta ƙasa, inji ya riƙe ta.

Amma shi sansanin ba baƙon abu ba ne gare mu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Kabi da Yawuri suke ratsawa su haye Kwara, kuma ba a ko'ina suke yada kaya ba. Zango ake sauka, inda akwai ruwa da wurin ɗaure jakai, akwai sarkin zango da ya san wanda ya shigo da wanda ya fita, ayari kuma yana da madugu da ake jin maganarsa. Abin da ka lissafa a can, ruwa da makewayi da mai kula da wuri, shi ne zango. Mu direbobin manyan motoci yau ko wannan ba mu samu ba. A ƙarƙashin mota muke shimfiɗa tabarma.

Abban Hanifa:
Kawu, na karɓi maganar mota. A can ma da yawa daga masu ita tsofaffi ne da suka yi ritaya, wasu sun sayar da gida sun koma cikinta, wasu kuma haya suke ɗauka. Matasa da masu ƙaramin ƙarfi tanti suke kafawa. Maganar mai kula kuwa ka taɓo inda nake so. Dattijuwar da ke riƙe da sansanin, kafin duhu sai ta zagaya fili fili a 'yar ƙaramar motar lantarki, ta gaisa da kowa, ta duba ko an bar abinci a waje. Tana da allo a ofis da ke nuna wa ke lamba kaza, yaushe zai tashi. A bakin ƙofa an jera ƙullin itacen wuta, kusa da shi akwatin ƙarfe mai 'yar kafa. Ka ɗauki ƙulli, ka zura kuɗi a akwatin, babu mai tsaro. Na daɗe tsaye ina kallon akwatin nan.

Baba Na Maradun:
Ɗiyana, ni tambaya guda gare ni. Hilin da za a share a kafa tantunan, na wa ne? Gindin dutse ba kango ba ne, gonakin mutane ne, da burtalin shanu, da maƙabarta. Mu mutanen Maradun da Mafara mun san abin da aka kira ci gaba. Da anka gina madatsar Bakalori, anka gama ta 1978, an ce muna arziki ya zo. Gonaki sunka nutse, diyya ta zan rigima, manoma sunka tare hanyoyi suna neman hakkinsu, cikin Afrilun 1980 anka turo 'yan sanda, rayuka sunka salwanta. Wanda duk ya kai shekaruna a wagga ƙasa ya san gidan da anka yi ma ta'aziyya. Don haka in na ji an ce za a gyara wuri don baƙi, abin da nika fara tambaya shi ne wa za a tasa. In wani mai kuɗi zai zo daga Habuja da takarda ya kewaye dutse da waya, ɗan gari ya koma biyan kuɗi kafin ya hau inda kakansa ya kwanta, to a bar muna dutsenmu yadda yake.

Abban Hanifa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya ko a can ba a wanke ta ba. Duwatsun nan ƙasar ƙabilar Cherokee ce. A 1838 gwamnati ta tasa mafi yawansu da ƙarfin soja zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya, kaɗan suka saura, kuma jikokinsu na nan a gefen gandun har yau. Da aka zo kafa gandun ma sai da aka tashi iyalan manoma da suka daɗe a kwaruruka. A wani kwari da ake kira Cades Cove gidajensu na katako da coci-cocinsu na tsaye, baƙi na ɗaukar hoto, masu su kuwa sun watse. Sai a 2024 aka mayar wa ƙololuwar da ta fi tsawo a gandun, mai mita 2,025, sunanta na Cherokee, wato Kuwohi. Saboda haka ina tare da kai. In ba mutanen Kwatarkwashi ne masu wuri ba, su ne masu karɓar kuɗi, su ne masu rakiya, matansu ne masu sayar da fura da ƙosai, to ban ga amfaninsa ba.

'Yar Zuru:
Ina gaida iyaye da yayye. Ni gandun daji na karanta, kuma abin da ban ji an taɓo ba shi ne shi kansa dajin. Mu ɗauka an samu tsaro gobe, an buɗe wuri. Wata shida ya isa a cika gindin dutsen da ledar ruwa da robar lemo, a sare duk itacen da ke kusa a gasa nama. Ku dubi buhunan gawayi da ke jere a bakin titunanmu, daga ina suke fitowa? Kiryar da ta shekara hamsin tana girma a yini ɗaya ake mayar da ita buhu.

Kuma maikin da Ɗan Kwatarkwashi ya ambata ba ƙaramin tsuntsu ba ne. Masana tsuntsaye sun daɗe da rubuta dutsen Kwatarkwashi a cikin wuraren da yake sheƙa a Najeriya. Shi ne tsuntsun da aka tabbatar ya fi kowane tashi sama: a 1973 wani ya yi karo da jirgin sama a samaniyar Abidjan a tsawon mita 11,300. Tun 2015 yana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Guba da ake sa wa mushe na kashe su, ga masu farautarsu don sayar da kai da ƙafa a kasuwar magani. Tsuntsu ne da ƙwai ɗaya yake yi a shekara, in aka dame shi a sheƙa an yi asarar shekarar. Akwai mutanen da ke ƙetare teku don su ga irinsa da tabarau mai jawo nesa. In akwai saura a dutsen nan, su ne dukiyar, kuma hayaniyar baƙi na iya korarsu.

Ɗan Kwatarkwashi:
Anti, dattawanmu na faɗa cewa da can in suka tashi sai ka ga inuwarsu na yawo a ƙasa, ga fararen zane na kashinsu a jikin dutse. Ni dai a tasowata ban ga yawan da suke ba da labari ba.

Abban Hanifa:
'Yar Zuru, abin da ke riƙe da wurin can ke nan, doka, kuma ana bin ta. A sansanonin cikin gandun, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a hayaniya. Janareto a kashe shi daga 8 na dare zuwa 8 na safe. Fili ɗaya kada ya wuce mutum shida, kuma ba ka wuce kwana 14 a jere. Ba ka shigo da itacen wuta daga wani gari sai wanda aka gasa aka buga wa hatimi, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikin itace su kashe daji. Sara ɗanyen itace kuwa laifi ne. Akwai wata baƙar dabba mai ƙarfi da ake kira beyar, doka ta hana ka matse ta ƙasa da yadi 50, abinci kuma a but ɗin mota ake kulle shi, har kwandon shara na ƙarfe ne mai sakata. Dalili shi ne in ta saba da abincin mutane sai ta daina tsoronsu, ƙarshenta a harbe ta. Shiga gandun kyauta ne, amma tun 2023 in za ka ajiye mota sai ka sayi takarda, dala 5 a yini, 15 a mako, 40 a shekara, kuma kuɗin a gandun ake kashe su.

'Yar Zuru:
To ka gani. Mu ma ba dokar muka rasa ba. Dajin Kuyambana da ke ƙasar Ɗansadau a takarda gandun namun daji ne. Kamuku da ke maƙwabtaka da shi ta Birnin Gwari gandun tarayya ne tun 1999. Yau wa ke iko da su? Lokacin da malaman daji suka daina shiga, aka bar su babu albashin kirki babu abin hawa, wasu suka shiga suka zauna. Dajin da mutanen kirki ba sa takawa ba ya zama babu kowa. Ta nan ne nake ganin maganar Yaya Abban Hanifa ba mafarki ba ce kawai: ƙafar mutane a wuri ita ma wani yanki ce na tsaro.

Maman Sadiq:
Ƙanwata, a nan ne ba mu daidaita ba. Ƙafar wa? Ɗan wa za a fara turawa ya taka don wuri ya yi aminci? Tsaro ne ke fara zuwa, sannan baƙi. Ba a gwada zurfin ruwa da ɗan mutum. Iyayen 'yan matan Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021, a ɗakin kwanan makaranta suka bar 'ya'yansu, da katanga da maigadi, ba a tanti ba.

Malam Na Bungudu:
Assalamu alaikum. An tambaye ni ta gefe ko irin wannan fita ta halatta, to amsa a nan. Fita don duba halittar Allah abu ne mai kyau, aya ta 20 a Suratul Ankabut ta yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta. Sharaɗi shi ne kada a tozarta salla, kada a yi cakuɗar da ba ta dace ba, kada kuma mutum ya jefa kansa cikin halaka. A yanayin da muke ciki wannan na ƙarshen ya isa hujjar Hajiya Maman Sadiq. Game da kasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, kusan kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika sallarsa. Mai fitowa daga Gusau zuwa Kwatarkwashi babu kasaru a kansa.

Abu ɗaya nake jan hankali a kai. Dutsen nan yana da tarihin tsafi, kowa ya sani, kuma bikin da aka ambata yana haɗe da shi. Kada a fake da yawon buɗe ido a farfaɗo da abin da malamai suka sha wahala kafin a bari.

Ɗan Kwatarkwashi:
Allah ya gafarta Malam, babu mai neman a dawo da tsafi, mu ma Musulmi ne 'ya'yan Musulmi. Amma ina roƙon a bambanta. Yaro ya san inda kakanninsa suka zauna, da dalilin da ya sa suka zaɓi kan dutse lokacin yaƙe-yaƙe, ya ga tsuntsu ya yi tasbihi, wannan ba bauta ba ce. Abin da ke ba ni takaici shi ne an tsorata mu da dutsen har wasu na jin kunyar a ce daga nan suke.

Malam Na Bungudu:
Na gamsu da wannan bambancin, ɗana. In mai rakiya zai ba da tarihi a matsayin tarihi, babu laifi.

Bakabe:
Ni daga Argungu nake, kuma ina ganin kun tsaya kan dutse kun manta inda baƙi suke zuwa da ƙafarsu. Bikin kamun kifi na Argungu a 1934 ya samo asali, shekara ɗaya da gandun da Abban Hanifa ke magana. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, saboda tsaro na cikin dalilai, sannan ya dawo a 2020. Duk wanda ya halarta ya san matsalar masauki: ɗakuna su cika, wasu su koma Birnin Kebbi su kwana, wasu a cikin mota, wasu a barandar mutane. Ga fili a kusa da Matan Fada, gulbin da ake kamun kifin. In an share shi, aka ja ruwa, aka gina bandakuna masu tsabta, aka sa fitilun sola, matasa suka sayi tantuna suna ba da haya, an samu sansani a inda jami'an tsaro suke jibge dama saboda biki. A koyi aikin a nan, yadda ake karɓar baƙo da kwashe shara da rubuta suna. Ranar da dutse ya yi lafiya an riga an iya.

Kawu Direba:
Wannan magana ta Bakabe ta fi kama hankalina. Sai dai a tuna sauro. Bakin gulbi ne, tantin da babu raga a ƙofarsa wahala ce za a saya wa baƙo.

Maman Sadiq:
Ita kam zan iya saurara, don a cikin gari ne. Amma ku maza in kuna tsara wuri bandaki ne abin da kuke tunawa a ƙarshe. Mace ba za ta kwana a inda makewayi ke da nisa, babu fitila a hanya, babu sakata ta ciki ba. A ware ɓangaren iyali daban da na samari. A sa mace cikin masu kula da wurin, wadda za a iya faɗa wa abin da ba a faɗa wa namiji. Abban Hanifa, ita Maman Hanifa yaya ta ji da zaman? Ita nake son ji.

Abban Hanifa:
Yaya, na karanta mata tambayarki. Ta ce abin da ya kwantar mata da hankali shi ne wurin wankan mata daban yake, da ƙofa mai lambobin sirri da ake ba wanda ya biya kaɗai, kuma fitila na kunne a bakinsa har safe. Abin da ya dame ta sanyi ne. Ko da bazara, asubahin kan dutse daban yake, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ruwan famfo ba ya taɓuwa, sai na ɗora buta a kan ɗan risho na gas kafin mu yi alwala. Raɓa ta jiƙe tanti sharkaf, hazo ya cika kwari har ba ka ganin motar maƙwabci. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, mun shimfiɗa darduma a kan tsakuwa tsakanin teburi da tanti. Wani dattijo da ke filin kusa ya fito da fitila a goshi zai je bandaki, da ya gan mu a tsaye sai ya kashe ta ya zagaya ta baya.

Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu ko a gida lokacin hunturu: kada a shiga tanti ko ɗaki rufaffe da kaskon gawayi, kada a kwana da janareto a kusa da taga. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta ɗauke shi. A allon sansanin da manyan baƙaƙe aka rubuta wannan.

'Yar Zuru:
Namu haɗarin kuma a ƙasa yake. Gindin dutse gidan kububuwa ne da kunama, musamman farkon damina da lokacin girbi. Takalmi rufaffe, tocila da dare, a zazzage takalmi da safe kafin a sa, kada a zura hannu a kogo. In maciji ya sari mutum ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Duk mai shirin kai mutane dutse ya fara sanin wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar dafin maciji a ajiye. A duwatsunmu na Zuru ma haka muke gaya wa baƙin da ke zuwa lokacin bikinmu na Uhola.

Baba Na Maradun:
Na ji bayanin kowa. Ɗan Kwatarkwashi, in da gaske kuke, kada ku fara da gwamnati, kada ku fara da mai kuɗi. Ku fara da fada da masu gonakin gindin dutse. A zauna a rubuta iyakar kowa tun babu ko kwabo a ciki, don in kuɗi sunka shigo ba a jin magana.

Ɗan Kwatarkwashi:
To Baba. Akwai dattijon da ya fi kowa sanin hanyoyin hawa a unguwarmu, zan same shi bayan Juma'a in ji ta bakinsa, in kuma tambayi mafarauta ko har yanzu maiki na sheƙa da kuma ta wane gefe, don a kauce masa. In an samu izinin fada, kuma jami'an tsaro sun ce hanya lafiya a ranar, sai a gwada fita ta safe kawai: a taso Gusau bayan gari ya waye sosai, a sauko kafin azahar, kowa ya dawo da ledarsa a hannu. Manya zalla, kada a wuce mota biyu. Ranar da lokacin ba za a rubuta su a zaure ba, ta waya za a sanar da masu zuwa.

Abban Hanifa:
Ni zan ɗauki kuɗin mai rakiya da ruwan sha da buhunan kwashe shara. Bakabe, ka turo mini lambarka ta gefe mu yi maganar tantuna, ina so in san nawa ake ɗinka na tamfol a gida kafin a yi tunanin sayowa daga waje.

Maman Sadiq:
Allah ya tsare. Ni dai ban yarda a kai yara bana ba, ko da rana ne, kuma maigidana ma zan ce ya dakata. In manyan sun je sun dawo, a zo mini da bayanin wanda ya raka su, da inda suka sami ruwa, da inda mace za ta kewaya, da minti nawa ne daga gindin dutsen zuwa shingen jami'an tsaro mafi kusa. Sai na ji wannan zan san abin da zan gaya wa iyayen ɗalibaina in sun tambaye ni.